Azumin Jikata

Ni ban iya rubutu ba. Matar maƙwabcinmu ce, malamar firamare, take riƙe da biro, ni kuma ina faɗa. Na ce mata in ta ga ina kuka kada ta tsaya, don in za a jira hawayena su ƙare ba za mu gama ba. Hausar ma ba da ita na buɗe baki ba. A Yerwa aka haife ni, Kanuri ne yarenmu, Hausa a kasuwa da bakin maƙwabta na tsince ta. Amma da ita nake so a rubuta, saboda matan da nake so su ji wannan magana ba duka ne ke jin yarenmu ba.

Maigidana ya rasu shekara uku ke nan. Fiye da shekara hamsin muka yi tare a gidan nan na unguwar Dala, nan cikin Yerwa. Da na shiga takaba, babban ɗana ya ga ba zan iya zama ni kaɗai ba, sai ya turo mini 'yarsa ta biyu ta zauna da ni. Shekarunta goma sha bakwai a lokacin, tana ajin ƙarshe a sakandare. Yarinya ce cikakkiya, mai kumatu, in ta yi dariya idanunta har rufewa suke yi. Tun tana rarrafe nake ce mata ƙawata, ita kuma ta ce mini Kaka, kuma ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba.

Ranar sadakar arba'in mata sun cika tsakar gida ana dafa biski. Na leƙo daga ɗaki na gan ta tsugune a gefen tukunya tana kankarar ƙanzo. Sai na ce, “Ku ɓoye tukwanenku, ga buhun geron gidanmu ta iso.” Mata suka kwashe da dariya. Wata gwaggonta ta ƙara da cewa, “Wannan ranar aurenta lafaya ɗaya ba za ta naɗe ta ba, sai an haɗa biyu.” Ita ma ta yi dariya, ta ce, “Kaka, baƙin ciki kike yi don haƙoranki ba za su iya ƙanzo ba.” Ran nan ne na fara dariya tun rasuwar mijina. A wurinmu wannan magana yabo ce. Lokacin da muke 'yan mata, amarya in ta fito a rame tausayinta ake ji, a yi ta zagin gidansu a ɓoye. Ban san akwai kunnen da zai ji ta daban ba.

A cikin takabar abinci ba ya shiga mini. Faranti ɗaya muke ci ni da ita, in na yi loma biyu sai in wanke hannu. Ba a jima ba na ga ita ma tana wankewa tare da ni. Na ɗauka kara ce take yi mini. Ina azumin Litinin da Alhamis, sai wata safiya ta ce, “Kaka, zan riƙa taya ki, Allah Ya kai ladan kabarin Baba Tsoho.” Haka take kiran kakanta. Na rungume ta ina kuka, na ce Allah Ya yi mata albarka.

Takaba ta ƙare. A hankali bakina ya buɗe, na koma sana'ata ta haɗa turaren wuta. Ita ba ta dawo ba. Kan Litinin da Alhamis ta ƙara kwana ukun tsakiyar wata. Daga nan ta koma irin azumin nan na yau a yi gobe a sha. In an kira magariba, dabino ɗaya take ci, ta sha ruwa da shayi ba sukari, ta ce cikinta ya cushe, sai an jima. Ranar da ba ta azumi kuma ta ce ta ci a makaranta. Girki kuwa ba ta taɓa yin irinsa ba kamar a watannin nan. Ta yi mini sinasir, ta yi miyar kuka da bandar kifi, ta dama kunun gyaɗa, ta zauna tana kallona ina ci tana tambaya ko ya yi daɗi. In na matsa mata ta sa hannu, sai ta sa. Mu an hore mu tun muna yara cewa kallon hannun wanda kake ci da shi abin kunya ne. Idona yana gabana. Ashe turo nata take yi gefena kaɗan kaɗan, ni ina cinyewa. Faranti yana tashi wayam, in ce alhamdu lillahi mun ci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakina. In na je Kasuwar Kwastam sayen itacen turare, sai in zauna cikin mata ina ba da labarinta. In ce 'yan matan yanzu suna can suna danna waya, tawa jikar tana kan darduma da azumi a bakinta. Matan unguwa suka fara kawo 'ya'yansu suna nuna musu ita. A gabanta ake cewa, “Ku dubi 'yar'uwarku, fuskarta har haske take yi.” Ba haske ba ne, jini ne babu. Tana jin duk wannan, tana sunkuyar da kai. Ko da wata rana ta so ta daina, ni na riga na toshe mata hanya da yabo.

Ta fara ɗaukar lafayoyina tana naɗawa ko a cikin gida, ta ce ƙamshin turaren jikinsu take so. Lafaya kuwa ba ta tona asirin jiki, mai ƙiba da ramammiya duk ɗaya suke a cikinta. A tsakiyar bazara, lokacin da mutum ko a gindin darbejiya yake gumi na zuba, na gan ta da rigar sanyi a ƙarƙashin lafaya. Na ce, “Ƙawata, ke kuma wane irin jini ne da ke?” Ta ce zazzaɓi ne yake ɗan taɓa ta. Na dafa mata ganye na ba ta.

Ba ramarta ce ta farkar da ni ba, salla ce. Mata in suna ɗaki ɗaya sun san kwanakin juna ba sai an faɗa ba. Wata rana ina lazimi sai ya faɗo mini cewa na daɗe ban ga ta ɗaga salla ba. Na yi ta komawa baya a raina, wata ɗaya, wata biyu, har na kai biyar. Babu ranar da ba ta shimfiɗa darduma ba. Abu ɗaya na sani yana ɗauke wa budurwa al'ada, na ce ciki ne, kuma a hannuna aka yi shi. Tsoron abin kunya ya rufe mini baki kusan wata guda. Ban gaya wa uwarta ba, ban tambaye ta ba. Ina dai satar kallon cikinta ta cikin lafaya. Yau in na tuna wannan watan da na zubar, sai in ji kamar in tashi in bi shi in dawo da shi.

Wata Asabar da hantsi na ce ta zo in yi mata kitso. Ina sa mataji gashi ya biyo shi, dami guda. Na ajiye matajin, na tura ƙofa.

Na ce, “Cire lafayar nan.”

Ta ce, “Kaka, sanyi nake ji.”

Na ce, “Cire. Ni na yi miki wankan farko, babu abin da za ki ɓoye mini.”

Ta cire lafaya, ta cire rigar sanyi, da wata rigar a ƙarƙashinta. Na ga haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya. Ƙasusuwan kafaɗarta sun fito kamar za su huda fata. Wani gashi mai laushi ya rufe mata baya irin na jariri sabon haihuwa. Ta sa hannu biyu ta rufe cikinta, cikin da ya manne da baya, ta ce, “Kar ki kalli nan, nan ne bai tafi ba.” Ta kama fatar da yatsu tana nuna mini. Da gaske take, ba wasa a idonta.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Abin da na fara ji a raina sauƙi ne. Na ce alhamdu lillahi ba ciki ba ne. Jikata tana tsaye a gabana kamar wadda aka tono daga kabari, ni kuma ina godiya mutuncin gida bai zube ba. Sai bayan nan na ɗauki lafayar na rufa mata.

Daga nan na yi ta kuskure. Na dafa abinci na tsaya a kanta ina faɗa. Na yi kuka, na yi rantsuwa ba zan ci ba sai ta ci. Ta ci don ta rabu da ni, ta zaga bayi ta amayar da shi. Uwarta ta zo ta ce baki ne, yabon da mutane suka yi mata ne ya kama ta. Ni na ce iska ce. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka kira wani malami ya yi mata ruƙiyya kwana uku. A rana ta uku ya ja ni gefe, Allah Ya saka masa, ya ce, “Iya, ni ban ga aljani a jikin yarinyar nan ba. Addu'a za mu ci gaba da yi, amma ku kai ta asibiti yau, kada ku kai gobe.”

A asibiti aka ɗebi jini, aka duba ƙirji. Ba tarin fuka, ba ƙanjamau, ba ciwon suga. Aka ba mu maganin ƙarin jini da na sa cin abinci. Da muka koma karo na biyu, a kan layi ta sulale ta faɗi. A nan ne wata likita mace ta gan ta. Bayan ta farfaɗo, likitar ta ce mu fita waje ni da uwarta, ta daɗe da ita a ciki. Sannan ta kira mu.

Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, bai zauna mini ba. Ta ce da Hausa sai dai a ce ciwon ƙin cin abinci. Ta ce ba taurin kai ba ne, ba kuma ibada ba ce, ko da yake a bayan ibada ya ɓuya. Mai shi yana jin tsoron abinci kamar yadda wani ke tsoron maciji, yana duba jikinsa ya ga ƙiba inda babu komai sai ƙashi. Ta ce yunwar ce ta ɗauke mata al'ada, ita ce ta sa mata jin sanyi, kuma zuciyarta tana bugawa a hankali fiye da yadda ya kamata. Na ce, “Likita, ni na ɗauka yunwa ciwon wanda ba shi da shi ne. Mun ga waɗanda suka gudo daga ƙauyuka ba su da loma ɗaya. Gidana akwai abinci.” Ta ce, “Kaka, wannan yana kashe mutum abinci na gabansa. Amma ana warkewa, in an tsaya.” Ta rubuta mana takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa.

Da ɗana ya ji inda aka tura mu sai ya murtuke fuska. Ya ce, “Asibitin mahaukata? In aka gan ta a ƙofar nan wa zai aure ta? A kawo ta gida, ni zan sa ta ci.”

Na ce, “Na gwada faɗa, ka fi ni murya ne?”

Ya ce, “Iya, mutane za su yi magana.”

Na ce, “Saboda maganar mutane na yi wata guda ina kallonta tana ƙarewa. Ba zan ƙara ko yini ba. In kana so ka hana, ka zo ka tare ƙofar uwarka.”

Bai zo ba. Da safe muka hau keke napep mu uku, ni da ita da uwarta. Bayan kwana huɗu sai ga shi a asibitin da ledar lemo a hannu, ya ajiye ta ya zauna a bakin gadon.

Mako uku ta yi a kwance. Na zaci za su cika ta da abinci, sai na ga kaɗan kaɗan suke ba ta, sau da yawa a yini. Suka ce cikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi lokaci ɗaya zuciya na iya tsayawa. Na tuna kwanon da na tsaya a kanta sai ta cinye. In za a auna nauyinta, baya take juya wa ma'aunin don kada ta ga lambar. Akwai wata ma'aikaciya da aikinta zama da ita ne kawai su yi magana. A wurinta ne ta faɗi abin da ba ta gaya mana ba: tun ranar da aka fita da gawar kakanta take jin komai yana zame mata daga hannu, sai abinci kaɗai ne abin da ita ke da iko a kansa. Ta ce akwai wata murya a kanta da take yaba mata in ta ƙi ci, take zaginta in ta ci.

Mu ma an zaunar da mu an koya mana. A zuba mata nata a kwanonta daban. A zauna da ita har ta gama, ba faɗa, ba roƙo, a kuma zauna da ita bayan ta gama. Kada a yi maganar jikinta ko ta wace fuska, ko “kin murmure” kada a ce, domin ita “kin yi ƙiba” za ta ji. Na sami ma'aikaciyar ita kaɗai na gaya mata maganar buhun gero. Ta ce kalma ɗaya ba ta kawo wannan ciwo, abubuwa ne da yawa suke haɗuwa. Na gode mata. Amma har yau in na ga ƙanzo a tukunya sai in ji muryata da dariyar matan nan.

Bayan an sallame ta muna komawa duk mako biyu. Ta fara ɗan tasowa, sai watan azumi ya matso. Likita ta ce bana ba za ta yi ba, ko yini ɗaya. Yarinya ta dube ta ta ce, “Wato in saɓa wa Allah?” Na kai ta wurin limamin unguwarmu. Ya saurare mu, ya ce mata marar lafiya an ɗauke masa, kuma azumin da zai halaka mutum ba a neman sa da shi. Ta ce to. Amma na ga to ɗin a baki ya tsaya.

Ranar farko da azahar na ajiye mata kwanonta na zauna. Unguwa shiru, ko hayaƙi babu a gidan kowa. Ta yi ta juya cokali har abincin ya huce. Ta ce, “Duk garin nan ni kaɗai ce zan ci.” Na ce akwai marasa lafiya, akwai masu jego. Ta ce, “Ke fa? Kin zauna da bakinki a bushe kina kallona. Ke ce mai lada, ni ce buhu.” Ba ta ci ba. Rana ta biyu cokali uku. Da yamma na ga ta koma naɗa lafaya a cikin ɗaki.

Rana ta uku na koma wurin liman ni kaɗai. Ina da ciwon suga, kuma an daɗe ana ce mini a asibiti in bar azumi in riƙa ciyarwa, ina ƙi. Na tambaye shi ko ya halatta in sha saboda jikata. Ya ce, “Iya, saboda ita ban ce ba. Amma saboda ciwonki da shekarunki an daɗe da sauƙaƙa miki, ke ce kika ƙi karɓa. Me ya hana ki?” Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ban taɓa shan azumi ba sai da uzurin mata. Ba na so a ce wance ta gaza. Shi ke nan abin da ya hana ni, ba wani abu ba.

Washegari na auni gero na aika wa wata mata mai marayu a bayan layinmu. Da azahar na fito da kwano biyu, na ajiye ɗaya gabanta, ɗaya gabana. Na yi bisimilla. Na kai lomar farko baki, rana tsaka, cikin watan azumi, na ji kamar duk Dala suna leƙe ta katanga. A nan na ɗanɗana kaɗan daga abin da take ji kullum sau uku a gaban kwano.

Ta zuba mini ido. Ta ce, “Kaka, me kike yi?”

Na ce, “Abinci nake ci. Ni ma marar lafiya ce, na daɗe ina ɓoyewa.”

Sannan ta ɗauki cokali ta kai baki. Ta tauna, ta haɗiye, ta ce, “Miyar nan ba gishiri.”

Na ce, “Tashi ki ɗauko, ƙafafunki sun fi nawa.”

Ta tashi ta ɗauko. Rabin kwanon ta ci. Haka muka yi har watan ya ƙare, ƙofa a rufe, wata rana rabi, wata rana ƙasa da haka, sau biyu ta cinye duka.

Ba zan ce ta warke ba. Ta koma karatu, gashinta ya fara tsirowa, watanni uku da suka wuce ta zo ta raɗa mini cewa yau ba za ta yi salla ba, na shiga ɗaki na yi sujada. Amma zuwanmu asibiti na ƙarshe an ce nauyin ya ɗan sauka, kuma jiya na tsinci rabin ƙosai a naɗe cikin takarda a bayan randa. Ban yi faɗa ba, na ajiye maganar zan gaya wa likita ranar Alhamis. Abin da ke tsorata ni shi ne shekaruna. Ciwon nan ya fi ni haƙuri, kuma ban san wanda zai zauna a gaban kwano na biyu ba in an fita da ni. Shi ya sa yanzu duk ranar Juma'a nake sa ubanta ya zo ya ci abincin rana da mu. Har yanzu bai iya shirun ba, yana cika cewa “ƙara kaɗan”, ina taka masa ƙafa a ɓoye. Amma yana zuwa.